Ɗan Gida Ko Baƙo: Muhawara Kan Riƙon Ragamar Mena

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi gabas, ya ratsa Gidan Rumji da Tsibirin Gobir, ya bar Maraɗi a hannunsa na dama, ya wuce Caduwa da Agiye har ya sauka Gazawa, idan tafiyarsa ta dace da ranar da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, take wasa, zai tarar da abu guda yana maimaituwa a kowane gari: rumfa ta zana ko ta kwano, injin wuta yana ruri a bayanta, samari da magidanta sun biya dala goma ko ashirin sun cunkushe a gaban talabijin, yara kuwa waɗanda ba su da ko dala suna leƙe ta kafar zana. Idan aka tashi daga wasa, ko an ci ko an sha kashi, ba a watsewa gida. Sai a koma fada, a ɗora shayi, a buɗe wata mas'ala wadda shekara da shekaru ana jujjuya ta ba a kai ga ijma'i ba, wato shin wane ne ya fi cancanta a danƙa wa ragamar ƙungiyar ƙasa, ɗan gida wanda ya sha ruwan ƙasar nan ya san halin 'ya'yanta, ko kuwa baƙo wanda ya zo da ilmin da ya tara a manyan filayen duniya. Na zauna a irin waɗannan majalisu ba sau ɗaya ba, na ji hujjojin kowane ɓangare daga bakin ma'abotansa, kuma na ga ya kamata a rubuta su da insafi, domin ƙungiyar da aka raɗa wa sunan wannan barewa ta sahara mai dogon wuya amana ce ta jama'a duka, har da talakan da bai taɓa taka filin Seyni Kunce ba.

Ba za a fahimci zafin wannan jayayya ba sai an koma ga shekarar 2010, domin daga can asalinta yake. A ranar 10 ga Oktoba na wannan shekara Masar ta zo Yamai, alhali ita ce mai riƙe da kofin Afirka, ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010, ƙarƙashin Hassan Shehata, kuma jimillar kofunanta bakwai, abin da babu wata ƙasa a nahiyar da ta kai. Mena kuwa ba ta taɓa halartar gasar ba ko sau ɗaya. Mai horar da ita a lokacin ɗan ƙasa ne, Haruna Dula Gabde, wanda kaɗan ne a wajen Nijar suka san sunansa. Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo ɗaya, Kasali Dauda ya tsare raga, aka tashi ɗaya da babu. Bayan haka Saliyo ta zo ta sha uku da ɗaya, Afirka ta Kudu ta zo ta sha biyu da ɗaya. A ranar ƙarshe, cikin Oktoban 2011, Mena ta sha uku da babu a hannun Masar, Afirka ta Kudu kuma ta yi canjaras da Saliyo, 'yan wasanta suka shiga rawa suna zaton sun haye, domin sun ɗauka da yawan ƙwallaye za a raba gardama. Ashe ƙa'idar hukumar ƙwallon Afirka ta ce idan maki ya zo daidai, sai a dubi abin da ƙungiyoyin suka yi wa junansu, kuma da yake ƙasashen uku kowace tana da maki tara, sai hisabi ya ba Nijar. A Disamban wannan shekara, a birnin Akara, aka naɗa Haruna Dula gwarzon mai horarwa na Afirka baki ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne mikin da har yau bai warke ba a zukatan masu goyon bayan ɗan gida. Gab da tafiya gasar 2012, wadda Gabon da Gini Ikwatoriya suka karɓi baƙuncinta, aka ɗauko wani Bafaranshe, Rolland Courbis, wanda ya taɓa riƙon Bordeaux da Marseille, aka ce mai ba da shawara ne. Aka yi wasan farko da Gabon a Libarbil aka sha biyu da babu, sai aka karɓe ragama daga hannun mutumin da bai cika wata biyu da karɓar lambar girma ta nahiya ba, aka miƙa wa mai shawarar. Aka sha biyu da ɗaya a hannun Tunisiya, inda William N'Gounou ya ci wa Nijar ƙwallonta ta farko a tarihin gasar, aka sha ɗaya da babu a hannun Maroko, aka dawo gida ba maki ko ɗaya. Courbis kuwa, bayan an tabbatar masa da muƙamin, bai wuce watan Yunin wannan shekara ba ya ajiye aiki ya koma ƙasarsu.

To, hujjar masu ɗan gida ta farko daga wannan ƙissa take fitowa, kuma hujja ce ta adalci kafin ta zama ta ƙwallo. Suna cewa, da wane mizani aka auna Dula aka same shi da naƙasa, alhali abin da ya yi babu wanda ya riga shi yi, baƙo ko ɗan ƙasa, tun ranar da aka kafa ƙungiyar? Idan shan kashi ɗaya a hannun mai masaukin baƙi, a gaban jama'arsa, ya isa dalilin tuɓe mutum, to me ya sa shan kashi biyu da suka biyo baya suka zama dalilin ɗaukaka wanda ya gaje shi? Wani dattijo a Gidan Rumji, tsohon malamin makaranta da ya daɗe yana koya wa yara wasanni, ya taɓa ce mini: “Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum ya noma gona tun shuka har ta nuna, ranar girbi ka kawo wanda bai san iyakarta ba ka ba shi lauje.” Kuma ya ƙara da cewa cutar da aka yi ba ta tsaya kan Dula kaɗai ba, domin duk wani saurayi da ke koyon aikin horarwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya ɗauki darasi a ranar, wato ko ya kai ƙololuwa, kujerar aro ce a gare shi.

Hujjarsu ta biyu ita ce lissafin abin da aka girba. Suna cewa a buɗe littafi a duba: manyan ranakun ƙwallon Nijar kusan dukkansu a hannun 'yan gida aka same su. A gasar CHAN, wadda ba a shigar da kowa cikinta sai masu wasa a kulob na cikin ƙasa, Mena ta fitar da Najeriya a share fage, ta je Sudan a 2011 ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas, ba ta fita ba sai da bugun daga kai sai mai tsaron gida a hannun mai masauki. Bayan shekara goma sha biyu, a Aljeriya a farkon 2023, Dulan nan dai ya sake ɗaukar yaran cikin gida, suka doke Kamaru ɗaya da babu, suka doke Gana biyu da babu, suka kai zagayen kusa da na ƙarshe. 'Yan ƙasa da shekara goma sha bakwai da suka je gasar duniya a Indiya a 2017, suka doke Koriya ta Arewa suka haye zagaye na biyu, su ma ɗan ƙasa ne ya jagorance su. A ɗaya gefen kuma, François Zahoui na Kodebuwa, wanda ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe a 2012, ya riƙe Mena tun 2015 na shekaru, bai kai ta gasar 2017 ba, bai kai ta ta 2019 ba, ko da yake a wannan karon an faɗaɗa gasar daga ƙasa goma sha shida zuwa ashirin da huɗu, kuma a zamaninsa ne aka sha shida da babu a Iskandariya. Jean-Michel Cavalli ya zo bayansa, aka sha shida da ɗaya a Aljeriya a 2021, sa'an nan huɗu da babu a Yamai. Idan aka kawo musu sunan Gernot Rohr, Bajamushen da ya kai Mena gasar 2013, sai su ce a yi tahaƙiƙi: an naɗa shi ne a Satumban 2012, kwanaki kaɗan kafin wasan Konakiri, wasa biyu kacal aka yi da Gini, aka sha ɗaya da babu a can aka rama biyu da babu a Yamai, da yaran da Dula ya haɗa, kuma abin da ya sa aka tsallake wa Nijar zagayen farko na share fage shi ne halartar gasar 2012. Ke nan, a faɗarsu, Rohr ya hau dokin da wani ya ɗaura wa sirdi.

Suna da hujja ta uku, wadda ta fi tasiri a bakin manoman Agiye da Gazawa, ita ce ta dukiya. Mutumin da ya san wahalar da ake sha kafin a tono buhun aya ɗaya daga jigawa, a tankaɗe yashi, a kai kasuwar Caduwa a sayar, yana da haƙƙin ya tambayi me ya sa za a biya baƙo albashi mai ninkin na ɗan ƙasa, da gida da mota da kuɗin jirgi, a ƙasar da kulob da yawa ke fama da kuɗin motar zuwa wasa. Suna ƙarawa da cewa baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya tafi: Rohr ya bar Yamai a 2014, ya riƙe Burkina Faso, ya riƙe Najeriya daga 2016 zuwa 2021, daga baya ya koma Benin, kuma duk abin da ya koya game da yaranmu ya tafi da shi a ƙirjinsa, har yana iya amfani da shi a kanmu. Daga ƙarshe sai su ɗaga ido su dubi duniya: daga 1930 zuwa 2022 babu ƙasar da ta ɗauki kofin duniya da baƙon mai horarwa, Stephen Keshi ya ɗauko wa Najeriya kofin Afirka a 2013, Djamel Belmadi ya ɗauko wa Aljeriya a 2019, Aliyu Sise ya ɗauko wa Senegal na farkonta a 2022, Emerse Faé ya karɓi Kodebuwa a tsakiyar gasa bayan an sallami Bature, ya kai ta ga kofi a 2024.

Waɗannan hujjoji ne masu nauyi, kuma na yi iƙirarin zuciyata tana karkata gare su. Amma malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin abokin husuma, kuma masu goyon bayan baƙo ba mutane ne marasa kishin ƙasa ba, kamar yadda ake jifansu da shi idan muhawara ta yi zafi. Yawancinsu samari ne da suka taso suna kallon gasar Ingila da ta Sifen a kowane mako, idonsu ya saba da wani tsari na wasa, har suna iya nuna maka inda mai tsaron baya ya bar gurbinsa kafin a ci ƙwallon.

Abu na farko da suke faɗa shi ne a karanta tarihin 2011 gaba ɗayansa, kada a karanta rabi. Mena ta ci wasanninta uku na gida, gaskiya ne, a ƙarƙashin ranar Yamai wadda ke narkar da ƙarfin baƙi tun kafin a je hutun rabin lokaci. Amma wasanni ukun da ta yi a waje duka ta sha kashi, biyu da babu, ɗaya da babu, uku da babu, ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya ba, har ta haye gasar da ƙwallo shida a ragar abokan hamayya, takwas a tata. Gasar kuwa ba a Yamai za a yi ta ba. Saboda haka, in ji su, shugabannin hukumar ƙwallon ƙasa da suka nemo mai shawara ba ƙiyayya ce ta motsa su ba, tsoron kunya ne a idon duniya, kuma illar da suka hango ta tabbata a wasan Gabon. Kuskurensu yana cikin lokaci da salo, ba cikin ganewar cutar ba. Kuma suna tunatar da cewa wanda ya tsara Gabon ɗin da ta doke mu a ranar shi ne Gernot Rohr, kuma shi ne bayan shekara guda ya samo wa Nijar makinta na farko a gasar, kuma har yau shi kaɗai ne, a canjaras da Kwango ta Kinshasa a Afirka ta Kudu, bayan Mali ta sha da ƙyar da ƙwallon Seydou Keita ana dab da tashi. Game da CHAN ta 2023 kuma sai su ce a ambaci ƙarshenta, wato biyar da babu a hannun Aljeriya.

Abu na biyu, suna cewa horar da ƙwallo ya zama fanni na ilmi kamar likitanci, da darussa da shahada da na'urorin auna gudun ɗan wasa da nazarin wasan abokin gaba a bidiyo, kuma ilmi ba shi da ƙabila. Magabatanmu sun yi tafiya daga Katsina da Gobir zuwa Agadas da Timbuktu da Alƙahira don nemansa, sun kuma karɓi malamai baƙi, kamar yadda Kano da Katsina suka karɓi Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar, ba wanda ya ce an ci mutuncin malaman gari. Idan aka jera musu sunayen Keshi da Sise da Belmadi da Faé, sai su ce waɗannan shaidunmu ne, ba naku ba: Keshi ya yi shekaru a Anderlecht ta Beljiyam da Strasbourg ta Faransa, Sise ya yi wasa a Paris Saint-Germain da kulob na Ingila, Belmadi da Faé a Faransa ma aka haife su, dukkansu 'yan gida ne da jini, amma a makarantar baƙi suka yi karatu. Nijar kuwa ba ta tara irin waɗannan tsofaffin 'yan wasa da yawa ba. Waɗanda suka fita, irin su Zakari Lambo da ya yi wasa a Polan, da Ibrahim Tankari a Beljiyam, da Musa Ma'azu wanda ya tashi daga kulob ɗin sojoji na Yamai ya je Lokeren, daga nan CSKA ta Masko ta saye shi a 2009, ya ratsa Monaco da Bordeaux, da Amadu Mutari ɗan Arlit da ya yi wasa a Rasha da Hangari, ana iya ƙirga su da yatsu. Kuma suna da nasu sunayen: Clemens Westerhof da Najeriyar 1994, Hervé Renard da ya ɗauki kofi da Zambiya a 2012 da Kodebuwa a 2015, Hugo Broos da Kamaru a 2017.

Abu na uku shi ne wanda ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa, amma ni a ganina shi ne mafi ƙarfi a cikin hujjojinsu. Ɗan gida yana da dangi da surukai da uban gida, yana da kulob ɗin da ya rene shi, kuma a ƙasar da manyan kulob ɗinta da yawa na ma'aikatun gwamnati ne, na soja da na jandarma da na 'yan sanda da na kwastan da na kamfanin wuta da na man fetur, akwai manya da yawa waɗanda in sun yi masa magana kan wani yaro, nauyin ido zai hana shi cewa a'a. Baƙo ba ya jin wannan nauyin. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki, ba ya tsoron haɗuwa da uban yaron da ya ajiye a masallacin Juma'a. Masu ɗan gida suna amsawa da cewa baƙo ko da ido makaho ne, wanda bai san gari ba dole wani ya riƙe masa sanda, kuma mai riƙe sandar shi ne zai zaɓa masa yara, sai dai a wannan karon babu wanda za a tuhuma. Wannan raddi ne mai kyau, amma bai kawar da shubuhar gaba ɗaya ba, domin akwai bambanci tsakanin wanda aka ɓatar da shi bai sani ba da wanda ya san gaskiya kunya ta ɗaure masa harshe, kuma na farkon yana iya farkawa idan ya daɗe.

Sai kuma ga Badu Zaki ya zo ya rikita wa kowane ɓangare lissafi, domin shi ba Bature ba ne, ba kuma ɗan gida ba: Bamaroke ne, Musulmi, mai tsaron ragar ƙasarsa a gasar duniya ta 1986 a Meziko, gwarzon ɗan wasan Afirka na wannan shekara, wanda ya kai Maroko wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2004. A hannunsa, cikin Nuwamban 2024, Mena ta ci Sudan huɗu da babu, bayan kwana huɗu ta je Akara ta doke Gana biyu da ɗaya a gidanta, maki ɗaya tak ya raba ta da zuwa gasa. A share fagen gasar duniya ta 2026 kuma ta ƙare ta biyu a rukuninta, a bayan Maroko, a gaban Tanzaniya da Zambiya. Nasarar Akara ita ce ainihin abin da masu baƙo suka daɗe suna cewa ya gagari ɗan gida, wato cin wasa a waje, kuma insafi ya wajabta a ba su wannan. Sai dai akwai wani abin baƙin ciki a ƙarƙashinta: waɗannan yara sun koyi wasa a waje ne domin ba su da gida, tun da hukumar Afirka ta ƙi amincewa da filin Seyni Kunce, wasannin da ake kira na gida a ƙasashe irin su Maroko da Togo aka yi su, ranar Yamai da ta taimaki Dula kuwa ba ta ƙara taimakon kowa ba.

Yanzu da na jera abin da kowa ya zo da shi, wajibi ne in faɗi inda na tsaya, kuma zan ɗauko misali daga ƙasar Agiye kanta, domin mutanenta sun taɓa warware irin wannan mas'ala a gonakinsu. Bayan farin shekarun 1970, ayyukan raya karkara sun yi ta kawo dashen itatuwan waje, ana rainonsu a leda, ana dasawa, ana kashe kuɗi, yawancinsu suna mutuwa da rani. A farkon shekarun 1980 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne masu saiwa a raye a ƙarƙashin ƙasa, kalgo da sabara da gawo da aduwa, kuma in aka bar reshe biyu ko uku aka gyara su, za su zama itace cikin 'yan shekaru. Manoma suka karɓa, suka kira shi sassaben zamani, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka shahara da shi, har masana suka ƙiyasta cewa fili mai faɗin kadada miliyan biyar a jihohin Maraɗi da Damagaram ya sake yin itace. Masu ɗan gida za su ce ga shaidarmu, itacen ƙasa ne ya rayu, na waje ya mutu; masu baƙo za su ce ai baƙo ne ya nuna muku abin da kuke takawa ba ku gani ba; kuma dukkansu sun yi gaskiya. Abin lura shi ne wannan baƙon bai amfane mu ba sai da ya sauka daga mota ya duƙa ya dubi ƙasa, ya zauna shekaru masu yawa, ya koyar da manoma, aikin kuma ya zauna a hannunsu bayan tafiyarsa.

Da wannan mizani nake cewa shugabancin Mena ya fi dacewa da ɗan ƙasa, bisa sharaɗin a ba shi abin da ake ba baƙo, wato yarjejeniya rubutacciya ta shekaru, albashi a kan lokaci, mataimaka masana, wasannin gwaji, da kariya daga masu kiran waya. Domin zalunci ne a ba mutum ɗaya garma da shanu, a ba ɗaya hauya mai karyayyar ƙota, sa'an nan a gwada amfanin gonarsu a ce na biyun rago ne. Abin da aka yi wa Dula a Libarbil kuskure ne, kuma ban ga hujjar da ta wanke shi ba, ko da an sallama cewa tsoron da ya haifar da shi yana da tushe. Amma ban yarda da masu cewa a rufe ƙofa ba, kuma muddin baƙo yana kan aiki yana ci gaba, kamar yadda aka gani a Akara, tuɓe shi don kawai baƙo ne zai zama maimaita laifin 2012 ta wata fuska. Inda na fi son a kashe kuɗin baƙo shi ne a ƙasa: a kawo masani ya zauna a Maraɗi shekara uku ko huɗu, ya tara malaman wasanni na kwalejojin Agiye da Gazawa da Gangara da Tsibiri da Gidan Rumji, ya koya musu yadda ake gane yaro mai baiwa tun yana ɗan shekara goma sha biyu, da yadda ake rainonsa ba a karya shi ba.

Dalilina shi ne duk wanda ya riƙe Mena, Dula ne ko Zaki, daga abin da aka kawo gabansa yake zaɓa, kuma abin da ake kawowa yawanci daga Yamai ne, inda mafi yawan kulob na rukunin farko suke, sai kuma 'ya'yan da aka haifa a waje, irin su Daniel Sosah na Akara. Jihar Maraɗi tana cikin mafi yawan jama'a a ƙasar nan, tana da Ɗan Kasawa, tana da Jangwarzo wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 1983, kuma filinta ya karɓi wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara ashirin a Fabrairun 2019, inda mutanen ƙauyukanmu suka hau motocin kasuwa suka je suka ga yaran Senegal da Mali da idonsu. Hanyar da za a bi ba baƙuwa ba ce a gare mu, domin kokowa ta riga ta share ta: tun 1975, lokacin da Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, ɗan kokowa yana fitowa daga dandalin ƙauyensu bayan girbi, ya yi suna a gunduma, a tace shi a jiha, ya shiga cikin goman da za su wakilce ta a gaban ƙasa duka, kuma da wuya ƙaƙƙarfan saurayi ya tsufa a ƙauyen Gazawa ba a ji labarinsa ba. Ƙwallo ba ta da wannan tsani. Da la'asar, a filin makarantar kowane gari daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, akwai yara suna buga ƙwallon da aka ɗinke sau uku, ƙafa ba takalmi, raga kuwa sanda biyu ce ta dogon yaro, suna kiran junansu da sunan 'yan wasa irin su Ma'azu da Adebayor, har a kira magariba su watse. A bakin filin kuwa babu mai kallonsu sai ƙannensu da ke tsaron takalman makaranta, da wani malami guda wanda ya sayi usur da kuɗin aljihunsa.